Kafin Ka Sayi Littafin Ilimi, Duba Shekarunsa

Ƙagaggen labari ba ya lalacewa a kan kanta. In ya yi daɗi shekara ɗari da suka wuce, gobe ma zai yi. Littafin da ya ce gaskiyar duniya yake faɗa kuwa, na kimiyya ne ko tarihi ko tattalin arziki, kamar magani yake: akwai ranar da aka haɗa shi, kuma wani sashensa kan riga wani lalacewa. Sai dai kwalbar magani ana rubuta mata ranar daina aiki, littafi kuwa ba mai rubuta masa. Littattafan da za a ambata a nan duk sun cancanci kuɗinsu, kuma duk an yi su ne don mutumin da ba fanninsa ba ne. Aikin wannan bita shi ne ta nuna babin da za a jingina da shi, da wanda za a karanta ana taka-tsantsan.

A fara da ƙaraminsu, don da shi za a auna sauran. How to Lie with Statistics na Darrell Huff ya fito a 1954, shafi 140 da 'yan kai, babi 10, yini ɗaya ya isa a gama shi. Yadda ake shirga ƙarya da alƙaluma yake koyarwa, don ka gane in ana yi maka. Babi na 2 kaɗai ya biya kuɗin littafin. A ce ma'aikata tara kowa na karɓar 100, mai kamfanin yana ɗaukar 9,100. In aka tara aka raba goma, matsakaicin albashi ya zama 1,000, alhali in aka jera mutanen aka duba na tsakiya, 100 ne. Duka biyun sunansu matsakaici, mai rahoto ne ke zaɓar wanda ya yi masa. Babi na 5 yana nuna zanen ƙididdigar da aka datse wa gindi, bai fara daga sifili ba, har ɗan ƙaramin ƙari ya yi kama da dutse. Babin ƙarshe kuma tambayoyi biyar ne da za a yi wa kowane adadi: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, me aka ɓoye, an sauya magana a tsakiya, hankali zai ɗauka?

Misalansa na Amurkar shekarun 1950 ne, wannan ƙaramin aibi ne. Babban shi ne abin da marubucin ya yi daga baya. A 1965 ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka yana raina hujjar da ta haɗa shan taba da cuta, da irin dabarar babinsa na 8, wato abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗaya. Kamfanonin taba ne suka biya shi. Ƙa'idar daidai ce, amma littafin bai koyar da yadda ake tabbatar da dalili in hujjoji sun taru ba, sai yadda ake shakka. Mai karatu kan fito daga cikinsa yana ƙaryata komai, wannan ma wata makanta ce. Maganinta yana cikin littafin ciwon daji da za a zo kansa.

Thinking, Fast and Slow na Daniel Kahneman, 2011, shi ya fi buƙatar ɗan jagora. Kahneman masanin halayyar ɗan Adam ne, ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya mutu a 2024. Littafin shafi kusan 500 ne, babi 38 cikin kashi 5. Ginshiƙinsa shi ne tunani iri biyu gare mu: mai sauri, wanda ke yanke hukunci ba a sa shi ba, da mai nawa, wanda sai an taso shi, kuma rago ne na gaske. Ga gwajin da aka fi sani: sanda da ƙwallo kuɗinsu dala 1 da sent 10, sandar ta ɗara ƙwallon da dala 1, nawa ne ƙwallon? Baki zai riga ka cewa sent 10. Amsar sent 5 ce, don in ƙwallo 10 ne, sanda ta zama dala 1 da sent 10, jimla dala 1 da sent 20.

Naman littafin yana tsakanin babi na 10 da na 34. A babi na 11 an juya wa mutane wata da'ira mai lambobi da aka shirya ta tsaya a 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 suka ce kimanin 25, waɗanda suka ga 65 suka ce kimanin 45. Lambar da ba ruwanta da tambaya ta ja amsa, kuma abin da farashin farko ke yi wa mai ciniki ke nan. Babi na 17 yana warware kuskuren da malamai da iyaye ke yi kullum. Masu koyar da tuƙin jirgin yaƙi a Isra'ila sun lura in sun yabi ɗalibi sai ya ɓata a gaba, in sun tsawata masa sai ya gyara, suka ɗauka tsawa ce magani. Ashe wanda ya yi ƙwazo fiye da yadda ya saba, ko ya yi shirme fiye da yadda ya saba, dama can komawa zai yi kusa da matsayinsa, a yabe shi ko a zage shi. Babi na 24 ya kawo dabarar da za a iya ɗauka a yi aiki da ita: kafin a sa hannu a kan wani shiri, a tara waɗanda suka san shi, a ce su ɗauka an yi shekara guda kuma shirin ya rushe, kowa ya rubuta yadda aka yi ya rushe cikin minti 5 zuwa 10. Mai shakka ya samu bakin magana ba tare da an ce yana wa shugaba zagon ƙasa ba. Ka'idar da ya gina da Amos Tversky a 1979, cewa zafin asara ya kusan ninka daɗin riba mai girmanta, an sake gwada tambayoyinta a ƙasashe 19 a 2020, akasarin sakamakon ya tsaya.

Ramin yana babi na 3 da na 4. Na 4 ya dogara da wani gwaji na 1996 da ya ce ɗaliban da aka nuna wa kalmomin tsufa sun rage saurin tafiya bayan sun fita. A 2012 masu bincike a Beljiyam suka maimaita shi da na'urar auna lokaci maimakon agogon hannu, abin bai bayyana ba, sai a inda mai gwajin ya riga ya sa ran ganinsa. Na 3 ya ce ƙarfin kame kai yana ƙarewa kamar man fitila. Ɗakunan bincike 23 suka haɗu a 2016 da mutum fiye da 2,000, suka samu tasirin bai kai ya kawo ba. Dalilin duka ɗaya ne: gwaji da mutum talatin ko arba'in, wanda dace kawai kan iya ba shi sakamako mai ban mamaki, mujallu kuma mai ban mamakin suke bugawa. Kahneman da kansa ya amsa a 2017 cewa ya yarda da ƙananan gwaje-gwaje fiye da kima. Abin dariyar, babinsa na 10 gargaɗi ne a kan wannan kuskuren. Wanda littafin ya yi wa nauyi ya karanta babi na 1 da na 2, ya tsallaka zuwa na 10.

Factfulness na Hans Rosling ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Rosling likita ne ɗan Suwidin, ya mutu a 2017, ɗansa Ola da matar ɗan, Anna, suka ƙarasa littafin ya fito a 2018. Yana buɗewa da tambayoyi 13 masu zaɓi uku-uku. A amsa su da biro kafin a ci gaba, in ba haka ba rabin amfanin ya tafi, domin hujjarsa ita ce masu ilimi kan gaza biri, wanda in ya yi canke zai ci ɗaya cikin uku. Ya watsar da rabon duniya gida biyu, masu arziki da matalauta, ya kawo matakai huɗu bisa abin da mutum ke samu a rana: ƙasa da dala 2, 2 zuwa 8, 8 zuwa 32, da sama da 32. A lissafinsa mutum biliyan 1 ne a matakin farko, 3 a na biyu, 2 a na uku, 1 a na huɗu. Darasinsa mafi amfani shi ne kada a yarda da adadi shi kaɗai, sai an raba shi ko an kwatanta. Jarirai miliyan 4.2 suka mutu a 2016, adadi mai tayar da hankali. A 1950 miliyan 14.4 ne. In aka raba da yawan haihuwa, an sauko daga kashi 15 cikin ɗari zuwa 3.

A ɗauki hanyar tunaninsa, a sabunta alƙalumansa. Sun tsaya ne a 2017. Bayan nan annobar korona ta sa matsanancin talauci ya ƙaru a 2020, karon farko cikin fiye da shekara ashirin; yawan jama'ar duniya ya kai biliyan 8 a Nuwamba 2022; Bankin Duniya ya ɗaga layin talauci daga dala 1.90 zuwa 2.15 a 2022, sannan zuwa 3 a 2025. A yi masa adalci, annoba ce ta farko cikin haɗurra biyar da ya ce su ne abin tsoro. Amma ya fi son zanen da ke hawa sama, kuma matsakaicin duniya yana iya gyaruwa alhali wani yanki yana ci baya. Gidauniyar Gapminder da suka kafa tana sabunta bayanan kyauta a intanet.

Wanda ya bar kimiyya tun sakandare ya nemi A Short History of Nearly Everything na Bill Bryson, 2003, babi 30. Bryson marubucin tafiye-tafiye ne, tambayarsa kuma ta ɗan kallo ce: ta yaya aka sani? Nan za ka ga yadda Henry Cavendish ya auna nauyin duniya a ƙarshen ƙarni na 18 da ƙwallayen dalma a cikin ɗaki, kuskurensa bai wuce kusan kashi 1 cikin ɗari ba, da yadda Clair Patterson ya ƙiyasta shekarunta biliyan 4.55 a 1953, ya kuma gano a hanya cewa dalmar da ake zubawa a fetur ta gurɓata iska. Irin waɗannan labarai ba sa tsufa. Abin da ya tsufa a bugun farko shi ne bakin iyakar ilimi na lokacin: an cire Fuluto daga manyan duniyoyi a 2006, an gano ƙwayar zarra ta Higgs a 2012, ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu haɗa furotin kimanin 20,000 ne, ba sama da 30,000 ba, kuma nazarin 2010 ya nuna mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen dā da ya ƙare, sun bar gado a jinin jama'ar yau da yawa, saɓanin abin da gwajin 1997 ya sa aka zata.

Wannan ya kawo batun bugu, inda aka fi tafka asara. A buɗe bayan shafin take. Shekarar da ke kusa da alamar haƙƙin mallaka ita ce shekarun ilimin da ke ciki. Sabon bango da sabuwar shekarar ɗab'i ba sa nufin an taɓa ko kalma ɗaya, sai an rubuta cewa bugu ne da aka yi wa gyara. Layin lambobi da ke ƙasan shafin, irin 10 9 8 7, mafi ƙanƙantarsu ce ke faɗin karo na nawa aka buga. In ta intanet za a saya, a nema da lambar ISBN mai alƙaluma 13, domin akwai 'yan ƙananan littattafai masu shafi arba'in ko hamsin da ke ɗaukar sunan fitaccen littafi da launin bangonsa, alhali taƙaitawar wani ce daban. Na jabu kuma a zanen ƙididdiga da hotunan tsakiya ake kama shi: sun dushe, ko babu su. Sauraro maimakon karatu ya dace da Bryson, amma a lura, akwai taƙaitacce na kusan awa 6 da cikakke na kusan awa 18. Huff da Rosling ba sa sauraruwa, hujjarsu a zane take.

The Emperor of All Maladies na Siddhartha Mukherjee, likitan ciwon daji, ya fito a 2010 ya ci kyautar Pulitzer a 2011. Kada kaurinsa ya tsorata kowa: cikin shafi kusan 570, wajen ɗari manazarta ne da fihirisa. Tarihin cutar ne tun daga Masar ta dā, amma zuciyarsa yadda likitoci masu kyakkyawar niyya ke daɗewa a kan kuskure. Tiyatar William Halsted, mai cire nono da tsokar ƙirji gaba ɗaya, ta yi mulki kusan shekara casa'in kafin gwajin da aka bayyana a 1981 ya nuna ba ta ƙara tsawon rai a kan ƙaramar tiyata. Kashi na huɗu shi ne amsar Huff: yadda Richard Doll da Bradford Hill suka fara da marasa lafiya a 1950, sannan suka bi dubban likitocin Birtaniya shekara da shekaru, suka ga yawan cutar huhu na bin yawan tabar da aka sha. Bugun 2010 ya riga magungunan da ke sakin garkuwar jiki a kan cutar, waɗanda aka fara amincewa da su daga 2011, don haka kada mara lafiya ya auna makomarsa da shi. Wanda ya fi son labarin iyali ɗaya ya ɗauki The Immortal Life of Henrietta Lacks na Rebecca Skloot, shi ma 2010, kan baƙar Ba'amurkiyar da aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a 1951 ba da saninta ba, suka zama kayan aikin bincike a duniya. Yarjejeniyar da danginta suka cimma da hukumar binciken lafiya ta Amurka a 2013 ba ta cikin bugun farko.

Guns, Germs, and Steel na Jared Diamond, 1997, yana amsa tambaya ɗaya: me ya sa Turawa suka ci wasu nahiyoyi da yaƙi, ba akasin haka ba? Amsarsa yanayin ƙasa ne da dabbobi da tsirrai, ba fifikon jinsi ba. Cikin manyan dabbobi 148 da za a iya sa rai da su, 14 kaɗai aka iya mayarwa na gida, 13 daga Turai da Asiya da Arewacin Afirka, ɗaya daga Kudancin Amurka. Jakin dawa ya ƙi, ga cizo ga kauce wa igiya. Iri kuma ya fi yaɗuwa gabas da yamma, inda tsawon rana da yanayi suke kama, a kan kudu da arewa. Babi na 4 zuwa na 10 sun cancanci karatu a tsanake. Rauninsa na duk littafin da ke son buɗe ƙofa dubu da mabuɗi ɗaya ne. Babi na 3 ya tsaya a ranar 16 ga Nuwamba 1532, da Pizarro, jagoran Sifaniyawa, da mutum 168 suka kama sarkin daular Inka a Peru, sai ka ɗauka an gama a yini ɗaya, alhali turjiyar Inka ta kai 1572, kuma a Peru da Meziko dubban 'yan ƙasa masu jin haushin sarautar ne suka yi wa Sifaniyawa yaƙin. Ya kuma ce tarin fuka daga shanu muka samo shi, binciken 2002 ya nuna ba haka ba ne. A haɗa shi da littafin Charles Mann mai suna 1491, na 2005.

Tarihin da mutum ya rubuta na kansa shaidar mai ƙara ce, ko da mai ƙarar Nelson Mandela ne. Long Walk to Freedom, 1994, babi 115 ne gajeru cikin kashi 11, kuma sashen tsibirin Robben, inda ya yi 18 daga cikin shekara 27 na ɗauri, ya fi kowane littafin koyar da shugabanci. Amma an rubuta shi ne ana tsakar sasanta ƙasa. Ya ce bai shiga jam'iyyar kwaminis ba. Da ya mutu a Disamba 2013 jam'iyyar ta ce har ɗan kwamitinta na tsakiya ne lokacin da aka kama shi a 1962. Labarin ya tsaya a rantsar da shi a 1994, ba mulkinsa a ciki. Akwai taƙaitacce da na yara masu suna iri ɗaya, a duba yawan shafi.

Tsohon cikinsu shi ne Muƙaddima ta Ibn Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya rubuta daftarinta cikin wata biyar a 1377, a wata ganuwa da ke Aljeriya ta yau. Tun a gabatarwa ya kama masu tarihi da laifin kwafar adadi ba awo. Masanin tarihi Mas'udi ya ruwaito rundunar Bani Isra'ila ta kai mayaƙa 600,000. Shi kuma ya ce daular Farisa, duk girmanta, 120,000 ta iya tarawa a yaƙin Ƙadisiyya, kuma wane fili ne zai ɗauki sahun da ya ninka haka har ɓangare ɗaya ya san abin da ɗayan ke ciki? Tambayar Huff ta biyar ke nan, kusan shekara 600 kafin Huff. Daga nan sai asabiyya, haɗin kan da ke kawo jama'a mulki, wanda jin daɗin birni ke cinyewa cikin zuriya uku, kimanin shekara 120. Sai haraji: a farkon daula kaɗan ake sawa a tara da yawa, a ƙarshenta a sa da yawa a tara kaɗan, don manomi da ɗan kasuwa sun karaya.

Ita ma tana da ruɓaɓɓen sashe. Babi na 1 ya gaji rabon duniya yanki bakwai daga masanan da suka gabace shi, ya ɗora halin mutane a kan zafi da sanyi, har ya faɗi maganganu marasa tushe a kan baƙar fata, a wuraren da bai taka ba, wato ya karya dokar da ya kafa da kansa. Mai Larabci ya nemi bugu mai wasali da hashiya, domin kalmomi irin su umran da badawa da mulk yana ba su ma'anarsa ta kansa. Da Ingilishi, fassarar Franz Rosenthal ta 1958 mujalladi uku ce, ta masu bincike; taƙaitawar da N. J. Dawood ya yi mata a 1967 mujalladi ɗaya ce, ita ta dace da sauran jama'a. A karanta gabatarwa, a wuce babi na 2 da na 3 kan ƙauye da sarauta, sannan na 5 kan sana'a da neman abinci. Babi na 1 da na 6 su jira zagaye na biyu.